Hannun Daman Baba

"Wallahi Nazeer, idan ba za ka je ba ka faɗa min!"

Lauratu ta dire wani hannun roba a kan tebur, har ɗaliban da ke layin injin yanka katako suka waiwayo. Ɗakin ƙere-ƙeren jami'ar a buɗe yake ga ɗalibai da ma'aikata, kowa da ɗan zanensa a kwamfuta. Ita kam hannu ta zo nema wa mahaifinta.

"Haba Laurena, sassauta murya mana..."

"Na ƙi! Wannan ma bai shiga ba."

Ciwon suga ne ya sa aka yanke wa mahaifin nata, Malam Ɗalha, yatsun dama. Tun daga nan ya ce shi bai taɓa kai loma baki da hagu ba, ba kuma zai fara da furfura ba. A ba shi a baki kuwa, sai ya juya wa mutum ƙeya. Ɗan kunu kawai yake kurɓa, shi ma sai ya tabbata ba mai ganinsa.

Nazeer, masoyinta kuma mai kula da injinan ɗakin, shi ya ce akwai injin da zai fitar da hannun roba mai riƙe cokali. Amma fa sai da awo. Baba ya ɓoye dungun a cikin babbar riga, Lauratu kuma 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya miƙa mata. Sai gogan naka ya zauna yana kintatar awon suruki daga hoton Sallah. Kai, Nazeer!

"Ki fahimce ni, abar ƙauna," ya ce. "Ban turo magabatana ba. Ko a lungu na hango Baba, hanya nake sakewa. Ta yaya zan zauna gabansa in kama hannunsa?"

"Kunya ko?"

"Laure..."

"To ci gaba da kunyarka, shi kuma ya ci gaba da ƙarewa! Jiya zoben hagunsa da kansa ya sulale ya faɗi."

Muryarta ta karye. Tana son yaron nan kamar ranta, amma ranar ji ta yi ta tsane shi.

Da la'asar sai ga shi a gidansu da ke unguwar Dukawuya da na'urar awo a jaka, gumi ya jiƙa masa hula. Lauratu ta laɓe a bayan ƙyauren soro.

Ya durƙusa gaban Baba a soron, kansa a ƙasa.

"Kai ne mai tsayuwa jikin fal ɗin wuta?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba."

"Ka gaji da gudu kenan."

Can ta ji motsin riga.

"Auna, ɗana. Ko uwarta ban bari ta gani da kyau ba."

Ta toshe bakinta da mayafi kada kukan ya fito.

Injin ya yi ta saƙa robar zare-zare, ga ɗaukewar wuta, sai da aka sake daga farko. Ranar da suka kawo hannun, Baba ko zama ba ya iyawa sai an jingina shi. Nazeer ya ɗaura masa. Ya shiga cif!

Umma ta kawo tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka. Cokalin na rawa, miya na zuba a riga, ba wanda ya yi gigin taimaka masa.

"Bismillah," ya ce.

Ya kai baki. Ya ƙara. Sai ya ajiye, cikin ya manta da abinci.

Ya dubi Nazeer. "Ka turo manyanka, kada ka daɗe."

Ranar da magabatan Nazeer suka sa, sun zo ɗin. Tabarmin makokin Baba suka tarar a ƙofar gida, goron da suka riƙo ko daga mota ba a fito da shi ba.

Bayan an watse ta sami Nazeer a soro, idanunsa jajur.

"Da na zo da wuri, Laure... da tun farko na..."

"Yi shiru, masoyi." Ta share fuska, wasu hawayen suka sake zubowa. "Da damansa ya ci, ai ka gani. Da damansa."