Keken da Buba Bai Iya Hawa Ba

A zamanin Turawa, wata ranar kasuwar Wurno, 'yan doka suka shigo wa Sufeto Shittu da wani Bafillace mai suna Buba, suna jaye da keke. Bayansu ga Ma'azu malamin allurar shanu, da Sale mai gyaran keke na Raba.

"Nau na, ranka ya daɗe," in ji Ma'azu. "Na kai ma Sale gyaran burki, yac ce an sace."

"Da idona nig ga ɓarawon," Sale ya karɓe. "Ya haye shina gudu awa iska. Wanga na!"

Sufeto ya dubi Buba. "Ina kas same shi?"

"Kawuna yab ba ni."

"Mi as sunan kawun?"

Buba ya shiga kame-kame, gumi na keto masa.

Sufeto ya sa aka fitar da keken fili, ya ce Buba ya hau. Sau ɗaya ya taka, shi da keken suka zube cikin rairayi. Ya sake hawa, ya sake faɗuwa. Mutane suka yi ta dariya, Sufeto bai yi ba.

Ya ja Buba gefe, ya sassauta murya. "Wanda yas sayi kayan sata shina sane, gidan yari za shi, tamkar ɓarawon. Ƙaryag ga ita ka ɗaure ka."

Nan take Buba ya faɗi gaskiya. A bayan kasuwar Goronyo wani mai rawani rufe da baki ya ba shi keken, shi kuma ya ba da maraƙarsa ja. Ya so ya riƙa kai nonon matarsa Baraka kasuwa kafin ya yi tsami.

"Ba ka ga huskatai ba?"

"A'a. Amma da za shi gwada min hawa, keken ya ƙi tsayawa, yab bugi kututture. Ƙwabrinai na hagu ya yi jini."

Washegari Sufeto ya tafi Raba da Buba da ɗan doka. Bai tambayi Sale komai ba, ya zauna a rumfarsa suna hira har aka kira azahar. Sale ya ɗauki buta, ya naɗe wando. Ga tsumma ɗaure a ƙwabrin ƙafarsa ta hagu.

"Mi yas same ka, Sale?"

"Ƙarhe yay yanke ni."

"Buba, kira dabbakka."

Buba ya ɗaga murya, ya yi kira da Fillanci. Daga bayan dangar gidan Sale aka ji kuka, sai ga jar maraƙa ta tsinke igiya ta fito.

Butar ta suɓuce daga hannun Sale. "Ni na, ranka ya daɗe. Da nij ji an kama shi, sai nic ce in rigaye shi magana."

"Yi sallakka tukuna," in ji Sufeto.

Da Sale ya sallame sallar, ɗan doka ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba.

Alƙali ya mayar wa Ma'azu kekensa. Ya ja wa Buba kunne kan ciniki ba dillali ba shaida, sannan ya sallame shi da maraƙarsa.

A ƙofar kotu Baraka na zaune tun safe, ba ta ci komai ba. Da ta ga mijinta ya fito ba igiya a hannunsa, sai ta rufe fuska da zane, kafaɗunta na rawa. Sufeto ya kau da kai, ya ce a kawo musu fura.