Minti Goma

Agogon ƙwai ya kaɗa, Mastura ba ta motsa ba.

Ruwa na tafasa a tukunya, ita kuwa ido kawai ta zuba masa. Wata biyar ke nan ba kuka, ba dariya. Ta ci, ta yi aiki, ta kwanta.

Agogon ɗan ƙarami ne, ja, kamar tumatir. A murɗa shi, in lokaci ya cika ya yi ƙara. Mahaifinta Malam Nata'ala mai shayi ya saye shi, don kada ƙwan da yake sayarwa a teburinsa na Agege a Legas ya zarce dahuwa. Da Sadisu, ɗan dako a kasuwar Mile 12, ya fara zuwa zance, sai agogon ya sami aiki na biyu.

"Ɗan ci-rani ne," in ji Malam. "Ruwa na sauka zai gudu. Ƙwai na dahuwa, zance ya ƙare."

Minti goma. Kullum bayan la'asar, a bakin ƙofa, tukunya a tsakaninsu.

"Masturata... ko gaisuwa ba mu gama ba."

"To ka rage gaisuwar mana."

Sai ta koma murɗa agogon zuwa ashirin.

Laila, 'yar baffanta, ta daɗe da sa ido a kan Sadisu. Rannan ta ɓare ƙwai ɗaya ta kai wa Malam. Gefen gwaiduwar ya yi kore.

"Baba, wannan ba ƙwan minti goma ba ne. Da idona na ga hannun Sadisu a kan agogon."

Malam bai yi tambaya ba. Ya fito ƙofa.

"Minti goma na ba ka amana, ka ci. Sai in ba ka 'ya? Tashi."

Sadisu ya dubi Mastura. Ta dubi ƙasa.

"To, Baba," ya ce. Damina ta sauka, ya hau mota zuwa Arewa.

Yanzu ga Malam tsaye a kanta.

"Ba ki ji agogo ba?"

"Na ji."

Ya ɗauki agogon, ya jujjuya shi.

"Yaron nan ya dawo. Jiya ya zo teburi ya durƙusa. Na tambaye shi wa ya murɗa. Ya ce shi ne."

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ba shi ba ne, Baba... ni ce."

"Na sani. Miƙa masa na yi, na ce ya sa min minti goma. Baya ya murɗa, saura kaɗan ya ɓalla min abu. Bai taɓa riƙe shi ba." Ya dube ta. "Wata biyar yana ɗauke da laifinki. Ke kuma kin bar shi."

"Na bar shi."

"Yana ƙofa. Jibi baffansa zai zo."

Ta ɗago kai.

"Minti nawa, Baba?"

Malam ya jefa agogon cikin aljihu.

"Sauke ƙwan nan, kin lalata shi."

Ya fita. Daga ƙofa ta jiyo sallama, muryar da ta sani, can ƙasa-ƙasa.

"Masturata..."

Ta kama tukunyar ba tsumma. Ta saki da sauri, ta kai yatsu baki.

Da zafi.