Littafin da Umma ta Naɗe da Takardar Siminti

Auta na zaune a ƙasa Yayarta na yi mata kitso, keken ɗinkin Inna na ta ƙara a lungun ɗaki, sai suka ji sallamar Dogo a ƙofar gida. Ƙarfe uku ne na ranar Talata, lokacin da ya kamata a ce yana kantin magani yana sallamar mutane. Dogo kuwa ko zazzaɓi ba ya raba shi da kantin nan.

"Wannan ango naki ba shi da haƙuri," in ji Yaya tana dariya. "Wata biyu kacal ya rage, amma ya kasa jira. Tashi ki je da rabin kai, ya ga abin da zai kwasa."

Auta ta yafa mayafi ta fita tana murmushi. Tana ganin fuskarsa murmushin ya ɗauke. Ya miƙo mata wata baƙar leda. Ta buɗe, sai ga toka da guntayen takardu, da rabin bangon littafi da wuta ta ci gefensa. Ta gane shi nan take, don littafinta ne.

"Baba ya sani," in ji Dogo. "Mai ɗab'in littattafanki tsohon ɗalibinsa ne. Ya je gaishe shi jiya, wai shi zai yi abin kirki, ya ce, 'Malam, ai kun yi dace, surukar taku ce ta rubuta littafin nan da ake ta rububi.' Har ya ba shi kwafi ɗaya kyauta."

Auta ta dafa bango. Shekara huɗu tana aiki a shagon buga takardu, tana buga wa ɗalibai furojet a kwamfuta. Idan kwastoma suka yi sauƙi sai ta buɗe nata shafin ta ci gaba da labari, a haka ta fitar da littafi uku da sunan aro. Dogo ne mai fara karanta mata kowane babi. Mahaifinsa kuwa tsohon hedimasta ne, wanda rabin unguwa suka bi ta ƙarƙashin bulalarsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana yaƙi da littattafan soyayya: ya ƙwace a jakar ɗalibai, ya tara a kwali, ya kai gida ya banka musu wuta.

"Me ya ce?" ta tambaya.

"Bar shi kawai."

"Faɗa mini, Dogo."

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce mace ba ta rubuta soyayya sai ta sha yawonta ta san abin da take rubutawa. Ya ce an fasa auren."

Kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ita da ba ta san ko'ina ba daga gida sai shago, ita ce yau ake kira mai yawo?

"Ya karanta?" ta tambaya.

"Ko buɗewa bai yi ba. Hoton bangon ya gani, yarinyar nan mai jan baki da hawaye."

"Ai mai ɗab'i ne ya zaɓi hoton, wai shi ke jawo kasuwa. Labarin Inna ne fa a ciki, yadda ta rene mu da keken ɗinki bayan rasuwar Babanmu."

"Na sani. Amma don Allah ki taimake ni, Auta. Ki rubuta masa wasiƙa ki ce sori, ƙuruciya ce, kin tuba kin daina. Idan aka ɗaura aure ya huce, sai ki ci gaba a ɓoye."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "In tuba daga me? Idan na ce na tuba, ai na yarda ke nan abin da ya faɗa a kaina gaskiya ne. Kai ma haka kake gani?"

"Wallahi a'a."

"To ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Ta juya ta shige gida, ta faɗa jikin Inna ta fashe da kuka. Yaya na jin labari ta jawo takalmi, wai sai ta je ta wanke tsohon nan tas a gaban almajiransa na da. Inna ta tsayar da keke ta ce, "Zauna. Uban wani ne, ba za a ce daga gidana aka je aka zage shi ba. Ke kuma Auta, kar ki yi masa ƙarya, kar ki yi masa rashin kunya. Ki yi haƙuri ki bar wa Allah."

Haƙurin nan bai zo da sauƙi ba. Kafin sati ya zagayo maganar ta cika unguwa, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Matan da ke aiko a saya musu littafinta a ɓoye su ne kan gaba wajen taɓe baki idan ta wuce. Wata mata ta zo shagon ta janye 'yarta daga layi, ta ce a gaban kowa ba a nan za a buga mata takarda ba. Auta ta rame, ta daina buɗe shafin labarinta. Dogo ma bai tsira ba. Bai yi wa mahaifinsa musu ba, amma da aka fara lissafa masa 'ya'yan abokai sai ya ce, "Baba, ba zan yi aure ba da izininku ba, amma kuma ba zan iya auren wata ba." Haka aka kwashe wata uku.

Ran nan da hantsi wayarta ta yi ƙara, ta ga baƙuwar lamba. Umma ce, mahaifiyar Dogo, mace mai sanyin magana wadda Auta ba ta taɓa jin ta haɗa jimla uku a gaban mijinta ba.

"'Yata, an yi wa Malam aikin ido sati biyu ke nan. Ki zo ki duba shi yau bayan la'asar."

"Umma, ai ba zai so ganina ba."

"Ba ya ganin kowa yanzu. Ke dai ki zo, in kin iso ki zauna a bakin ƙofa, kar ki ce uffan."

Ta je gabanta na dukan uku-uku. Dogo ne ya shigo da ita, shi ma bai san dalilin kiran ba. Tun daga tsakar gida ta ji ana karatu a falo, a hankali, kalma bayan kalma. Ta tsaya cak. Jimlolinta ne, babin ƙarshe, inda gwauruwar ke ɗinka wa 'yarta kayan aure da zaren da ta warware daga tsohuwar rigar mijinta. Ta leƙa. Hedimasta na kishingiɗe da baƙin tabarau, Umma na gefensa riƙe da littafi naɗe da takardar siminti, tana bin layi da yatsa.

Dogo ya riƙe baki. Duk gidan an san Umma ba ta iya karatu ba, ko katin asibiti sai an duba mata.

Umma ta kai ƙarshe ta rufe littafin. Tsohon ya ɗaga tabarau ya share gefen idonsa da gefen riga.

"Likita ya hana ni kuka, ga shi kin sa ni," ya ce. "Wannan shi ne rubutu. Da ina aji, da shi zan koyar da tarbiyya. Wanda ya rubuta wannan dattijo ne, ya san rayuwa, ya san darajar uwa. To, kin yi alkawari idan an gama za ki faɗa mini abu biyu: wa ya koya miki karatu, kuma wa ya rubuta."

"Zan faɗa, Malam." Umma ta ɗora littafin a cinyarta. "Ka tuna shekarar da aka kawo ni, ka zaunar da ni kwana shida kana koya mini baƙaƙe? Ran na bakwai ka jefar da fensir ka ce kaina ba na karatu ba ne. Na yarda da kai shekara ashirin, don kai ne malami. Sai wata rana na ɗauki littafi ɗaya daga kwalin da kake kawowa ka ƙona. 'Yarka ta riƙa nuna mini haruffa idan ka tafi makaranta. Son in ji yadda labarin zai ƙare shi ya koya mini abin da ka kasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina karatu a gidanka."

Tsohon ya miƙe zaune. "Da waɗancan littattafan?"

"Da su. Akwai na banza a ciki, na ajiye su. Akwai na kirki. Sai da na buɗe na bambance."

Ta sa farce ta yage takardar simintin, ta ɗora masa littafin a hannu. Ya kawo shi daf da idonsa mai sauran gani. Yarinya mai jan baki da hawaye ta dube shi.

"Wannan ai shi na ƙona," ya ce.

"Naka ka ƙona, wannan nawa ne. Dattijon da ya rubuta kuma ga shi can a bakin ƙofa, an kira shi mai yawo wata uku bai rama ba."

Auta ta durƙusa a inda take, hawaye na zuba, ta ce, "Ina wuni, Baba. Ya jiki?"

Tsohon ya shafa bangon littafin. Can ya ce, "Matar nan mai keken ɗinki..."

"Innata ce, Baba."

"Innalillahi." Ya daɗe yana girgiza kai. "Na yi wa marainiya ƙazafi a kan hoto. Na yanke wa matata hukunci a kwana shida. Yara nawa na kora daga aji da irin wannan maganar, ni da ake kira malami?" Ya juya wajen ƙofa. "Matso, 'yata. Ki yafe mini, ki kuma roƙar mini Innarki kafin in je da ƙafata."

"Na yafe, Baba. Wallahi na yafe."

Sannan ya laluba ya kamo hannun Umma a gaban 'ya'ya, abin da Dogo bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. "Ke kuma ban san ta inda zan fara ba."

"Fara da sakin hannuna, yara na kallo," in ji Umma tana share ido. "Akwai sauran littafi biyu nata, gobe sai mu ɗora."

Bayan wata ɗaya aka ɗaura aure. Matan da suka taɓe baki su suka fi kowa cika gida, Yaya kuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har suka tsargu. Littafin Auta na huɗu ya fito da sunanta na gaskiya, da gajeriyar gabatarwa daga tsohon hedimasta, wadda ya faɗa da baki Umma ta rubuta da hannunta.

'Yan'uwa, kafin mu yanke wa mutum hukunci a kan sana'arsa, ko kamanninsa, ko abin da muka ji ana faɗa, mu matsa kusa mu san shi tukuna. Kalma ɗaya ta raini ta rufe bakin Umma shekara ashirin, wata kalmar ta kusa raba masoya biyu. Wanda aka yi wa irin wannan kuma ya riƙe gaskiyarsa ya yi haƙuri kamar Auta, domin Allah na iya fito da mai wanke shi daga cikin gidan da aka ɓata shi.