Sabulun Da Ya Ƙi Kumfa

Goma saura na safe aka bugo waya caji ofis, aka ce an yi sata a wani kamfanin shirya talla. Sufeto ya ɗauka mota ce ko janareta. Da suka hau bene hawa biyu shi da Kofur, suna haki, sai ya tarar abin da ake ta ihu a kansa bai fi tafin hannu ba.

"Faifan ajiya ne na kwamfuta, Yallaɓai," in ji Hajiya, mai kamfanin, tabarau a goshi, waya biyu a hannu. "Tallar wani sabon sabulu ce a ciki, ta daƙiƙa arba'in. Wata biyu muna fama da ita. Ƙarfe huɗu masu sabulun za su zo su gani."

"Ba ku da kwafi?"

"Mu ba ma ajiye kwafi. Da an gama talla sai a zuba ta a faifai ɗaya, a goge ta daga kowace kwamfuta, ni in kulle a durowata. In ba haka ba, gobe ka ga dabararka a allon wani kamfani. Ƙarfe tara na buɗe, wayam."

Sufeto ya duba durowar. Ba a ɓalle ta ba, ko ƙwarzane babu.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai Baba." Ta kawar da kai. "Ba na son in faɗa, amma makon jiya na ce masa mun daina allon talla da ake zanawa da hannu, mun koma na inji. A gaban kowa ya ce mini za ku gani."

Baba mai zane yana zaune a kan benci a baranda, hularsa a gwiwa. Shekara talatin yana kamfanin, tun zamanin mahaifin Hajiya, kuma shi ke buɗe ofis kullum. Yau ma'aikata sai wucewa suke ta gabansa, ba mai gaishe shi.

"Baba, kai ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Yallaɓai."

"Me kake nufi da za ku gani?"

"Na ce za su gani idan rana ta cinye kalar allon injin nan cikin wata uku. Abin da nake nufi ke nan. Amma baki ya riga ya faɗa."

"Ina kake ajiye makullai?"

"In zan taɓa fenti, ina rataye su a ƙusa bayan ƙofar sito. Har mai kawo mana ruwa ya san ƙusar."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya ga ɓarayi iri-iri, masu kuka da masu rantsuwa. Wannan tsohon bai yi ko ɗaya ba. Sufeto ya san in har ya sauko da shi ta benen nan a gaban jama'a, ko gobe an wanke shi, unguwa ba za ta manta ba.

Ya nemi wanda ya ɗauki hoton tallar. Darakta suke ce masa, shi ke ɗaukar hoto, shi ke tacewa. Dogo ne mai cikar gemu, yana magana yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Yaushe rabonku da shiga ɗakin ɗaukar hoto?"

"Kwana uku ke nan, Yallaɓai. Mun gama, mun rufe."

"Buɗe in gani."

Ɗakin ba taga. Akwai farin zane a bango, tebur, baho a kan teburin, da manyan fitilu uku a kan ƙafafunsu. Sufeto ya dafa ɗaya don ya tsallake waya, sai ya fizge hannu yana yarfewa.

"Fitilar da aka kashe kwana uku ce ta ƙona ni?"

"Wataƙila mai shara ce ta kunna," in ji Darakta. Makullin da ke yatsansa ya daina kaɗawa.

Kofur kuwa ya riga ya zura hannu a kwandon shara. Ya fito da gwangwani biyu na kumfar aski, duk an zazzage su tas.

"Yallaɓai, ko duk mazan benen nan suka yi aski yau, ba za su cinye wannan ba. Shi kuwa Darakta, da ganin gemunsa, shi da reza ba sa ga maciji."

Sufeto ya ɗauki gwangwanin ya koma baranda wurin Baba.

"Me wannan ke yi a ɗakin ɗaukar hoto?"

Tsohon ya ɗan murmusa, karo na farko. "Kumfar da kake gani a tallar sabulu ai ba ta sabulu ba ce. Kumfar sabulu ba ta jure zafin fitila, nan da nan take mutuwa. Ta aski ake fesawa."

"Wato shekara da shekaru ƙarya kuke nuna mana, matata tana ta sayen sabulu tana masifa ba ya kumfa?"

"Kwalliya muke ce mata, Yallaɓai."

"Yaushe ake kwashe shara?"

"Kullum da yamma, kafin a tashi."

To, an yi aiki a ɗakin nan yau da safe ke nan. Saura a san hannun wa aka fesa wa kumfar.

Wannan bai yi wuya ba. A tallar ba a nuna fuska, hannaye kawai ake gani suna juya sabulu, kuma kowa ya san hannayen sakatariya ne. Saboda haka ma Hajiya ta hana ta wanki da wanke-wanke har a gama aikin. Sufeto ya same ta a bayan teburinta, hannu a ƙarƙashin gyale.

"Ƙanwata, mu ga hannun da ake biya."

Ta fito da su a hankali. Yatsun duk sun yamutse irin na wanda ya daɗe a ruwa.

"Wanki na yi a gida."

"Wankin da aka hana ki? Da kumfar aski kike yinsa? Daga nan ina jin ƙamshinta." Ya ja kujera ya zauna. "Kin ga tsohon can? In kika ci gaba da yi mini wanki, da shi zan tafi."

Ta leƙa baranda, idonta ya kawo ruwa.

"Darakta ne ya ce in zo ƙarfe bakwai. Ya ce akwai wuri ɗaya da za mu sake ɗauka, kada in gaya wa Hajiya. Ya ce wannan karon da sabulun mutanen za mu yi. Wallahi ban san faifai ya ɓace ba sai da Hajiya ta fara ihu."

"Wannan karon? To wancan karon da sabulun wa kuka yi?"

"Shi za ka tambaya."

Sufeto ya tara su a ofishin Hajiya, ya sa aka ba Baba kujera.

"Hajiya, ƙarfe tara kika gane faifai ya ɓace. Darakta kuwa tun bakwai yake sake ɗaukar tallar da aka gama. Darakta, wa ya gaya maka akwai abin gyara?"

"Ni dai ina son aiki ya yi kyau ne."

"In ka ɗauka, a ina za ka liƙa sabon hoton, alhali an goge tallar daga kowace kwamfuta? Sai dai in faifan yana hannunka. Kofur, jakar kyamararsa."

"Bari," in ji Darakta. Ya zauna a bakin tebur. Da hannunsa ya buɗe jakar, ya ɗaga soson da ke ƙasa, ya fito da faifan.

Hajiya ta yi salati, ta dafe ƙirji.

"Sabulunsu ne ya ƙi," ya ce, kansa a ƙasa. "Da an kunna fitila sai ya narke ya zama kamar man shafawa. Ranar ɗauka na yi ta fama har na gaji, sai na sauka kanti na sayo na kamfanin da suke gasa da shi, kalarsu ɗaya. Na kankare tambarin da reza. Jiya da muka kalli tallar gaba ɗaya, daidai inda kumfa ke zamewa, sai ga inuwar tambarin nan ta fito. Ba wanda ya lura sai ni. Amma masu sabulun, su da suke kwana suna tashi da tambarin abokin gasarsu, ai kallo ɗaya za su yi."

"Shi ne ka ɗauki makullin Baba," in ji Sufeto.

"Da yamma, yana wanke burushi. Na ce in gyara da safe in mayar kafin Hajiya ta zo. Sabulun ya sake narkewa, ita kuma ta zo da wuri."

"Kuma kai ne ka tuna mini maganar da Baba ya yi," in ji Hajiya a hankali. "Ni na ma manta da ita."



Ta tashi, ta zagayo teburin, ta durƙusa a gaban tsohon. "Baba, ka yafe mini. Kai ka ɗauke ni a kafaɗa a ofishin nan."

"Tashi, 'yata, ma'aikatanki na kallo." Ya juya wurin Sufeto. "Yallaɓai, ina roƙon alfarma. Ka bar shi ya gama aikin kafin ka tafi da shi. Mutum goma sha huɗu ke ci a kamfanin nan, shi kaɗai ya iya tacewa."

"Ai sabulun narkewa yake, Baba," in ji Darakta.

"Ka sa shi a firji awa biyu, ya daskare, ka rage fitila ɗaya. Haka muke yi tun kana rarrafe. Da ka tambaya, da na gaya maka tun ranar farko."

Haka aka yi. Kofur ya tsaya a bakin ƙofa yana gadin mai laifi, yana kuma kallon yadda ake fesa kumfa, baki buɗe. Sufeto ya sha shayi kofi biyu. Uku da rabi aka kunna tallar, aka tsayar da ita daidai wurin, Hajiya ta kafa tabarau ta duba har sau uku. Sabulun mutanen ne, da tambarinsu raɗau. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"To, Darakta," in ji Sufeto, "mu je ka rubuta bayani. Sata ɗaya, ɗora wa wani laifi ɗaya."

Kofur ya riƙe shi a gwiwar hannu suka sauka ta benen baya, don kada su yi karo da masu sabulun.

Sufeto na bin su, sai ya ji muryar Baba a baranda, waya a kunne, yana magana da matarsa, yana ɗaga murya yadda tsofaffi ke yi.

"Tsohuwa, ki daina kukan nan haka. Ki kwance ƙullin kayan da za ki kai mini caji ofis, ki mayar da bargon kan gado. Ba inda za ni. A gida zan kwana."