Alhaji a Bakin Ƙofar Tashar Ruwa

Ranar da Hadiyya ta fara ganin Jalaluddeen, faɗa ta je yi masa.

Ita ce ke kula da jami'ai shida masu ba da shawara kan tsaron kadarorin gwamnati a wannan ɓangare na Bangui, ciki har da tashar da ke tura ruwa zuwa unguwannin Kilomita Biyar da Yakité. Jalaluddeen ne sabon jami'in tashar. Ta shigo ba sanarwa, sai ta tarar da wata mai tuyar makala, fanken mutanen garin, zaune daf da injuna tana ta ciniki.

"Wace ce wannan?" in ji Hadiyya.

"Gwaggon wani mai gadinmu ce, Shef. Kowa ya san ta." Shef suke kiran shugaba a wurin aikin.

"Ni ban san ta ba. Ruwan unguwa biyu ne a hannunka. Daga yau wanda sunansa ba ya cikin takarda ba ya wuce ƙofa, ko limamin unguwa ne."

Ya ce to, ya rubuta. Da za ta hau moto, babur ɗinta, sai ta kama shi yana kallonta, kuma ba kallon wanda aka yi wa faɗa ba. Haushi ya kama ta, don da ba ta waiwaya ba ai ba za ta gani ba.

Bayan wata biyu saƙonsa ya shigo: "Shef, an gyara shingen bayan mangwaro, an canza kwaɗo. Saura tambaya ɗaya da ba ta shiga rahoto: wa ake fara gani a gidanku?"

Sai da ta ja masa aji kwana biyu sannan ta amsa: "Wannan lambar aiki ce, ga tawa a ƙasa. Kuma sunana Hadiyya."

Daga nan fa abu ya kankama. Shi ya ƙi sakin "Shef", sai dai ya mayar da shi "Shef ɗin zuciyata", ita kuma ta gutsure sunansa ya koma Jalal. Hirarsu rabi Hausa rabi Sango, yaren garin. Da ta ga da gaske ne, ta sanar da ofis da kanta. Aka ce ƙarshen shekara za a mayar da shi ƙarƙashin wani, kafin nan ita ce mai sa hannu a kan aikinsa.

Mahaifinta, Alhaji Nata'ala, mai shagon sari a Titin Koudoukou, ransa na kan Mahmudu ɗan amininsa. Duk da haka ya ce zai yi bincike, kuma Alhaji ba ya aika kowa bincike. Wata Alhamis da azahar ya sa Mahmudu ya tuƙa shi har tashar, ya ce wa masu gadi surukin shugabansu Jalal ne ya zo ganin wurin aikinsa.

Jalal ya fito da sauri ya durƙusa har ƙasa. Ya sa aka kawo kujera da ruwan sanyi gindin bishiya, a waje.

"Ba zama na zo yi ba," in ji Alhaji. "Ciki zan shiga."

"Baba, ku gafarce ni. Sunanku ba ya cikin takarda. Ku ba ni kwana uku in nema muku izini."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Baba. Shi ya sa gabana ke faɗuwa."

Mahmudu ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Tun kafin a ba shi ke nan, Alhaji."

Alhaji bai taɓa ruwan ba. Kafin la'asar rabin Koudoukou sun ji an tsayar da shi a ƙofa, kuma ba sai an faɗi bakin da ya yaɗa ba. Da ya koma gida magana ɗaya ya yi: babu auren.

Jalal ya turo saƙo: "Shef ɗin zuciyata, na ɓata komai. Hannuna na kan makulli, wallahi saura kaɗan in buɗe. Ina tsoron rasa ki."

Ta amsa: "Da ka buɗe da na ji kunyarka. Amma yanzu kuka nake yi, Jalal, kuma dokar ni na kafa ta."

Sau biyu Jalal ya je shago ban haƙuri, Alhaji ya ci gaba da lissafin buhuna a kansa kamar ba mutum a wurin. Mahaifiyarta Hajiya Sa'adatu ta ce ta bari zuciyarsa ta huce. Hadiyya ta yi kwana tara tana zuwa aiki da kumburarrun idanu.

Rana ta goma, bayan sallar asuba, Alhaji ya kira ta tana kawo masa shayi.

"Ke ce shugabarsa, ko? To in kina son in saurare shi, ki hukunta shi a kan wulaƙancin da ya yi mini."

Ta durƙusa. "Baba, ba zan iya ba. Bai yi laifi ba."

"Da ya buɗe mini fa?"

"Da an kore shi."

"Wa zai kore shi?"

"Ni, Baba. Da hannuna zan sa hannu."

Alhaji ya ajiye kofin. "Ko da ni ne na shiga?"

"Ko da ku ne."

A shekarun rikicin Bangui an kwashe wa Alhaji sito ƙarƙaf, kuma ba fasa ƙofa aka yi ba, mai gadinsa ne ya buɗe wa wanda ya sani. Bai taɓa son a tuna masa ba, yau kuma ba wanda ya tuna masa sai kansa.

"Wato ya san buɗewa za ta ba shi mata, ya ƙi," ya faɗa a hankali. Can sai ya yi tsaki, yana ɓoye murmushi. "Ku biyun taurin kanku ɗaya. Ki ce ya turo manyansa ranar Juma'a."

Hadiyya ta ruga ɗaki ta rubuta: "Jalal, ka saki ranka. Baba ya yarda."

Amsarsa ta zo nan take: "Alhamdulillah. Singila mingi, na gode ƙwarai, Shef ɗin zuciyata. Yanzu zan je in sanar da manyana."

An ɗaura auren a farkon sabuwar shekara, bayan ofis ya raba musu aiki. Mahmudu ma ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu. Da za a kai amarya, Alhaji ya kama hannun Jalal a gaban jama'a, ya daɗe bai saki ba.

"Na ji haushinka, yaro, kuma har yanzu da saura," ya ce, idanunsa sun kawo ruwa. "Amma yau zan yi barci har da minshari, don na san hannun da na danƙa wa 'yata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Gida ya amsa da amin, Hajiya Sa'adatu ta rangaɗa guɗa.