Kwana Tara a Bakin Gada

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, kwanansa huɗu ke nan a layin daffo yana jiran a loda wa tankarsa fetur. Rigarsa ta yi dauɗa, idanunsa sun yi ja saboda barcin cikin mota. Ya miƙa takardunsa ta tagar ofis, sai ya ga ba dattijon da ya saba gani ba ne, wata siririyar budurwa ce mai tabarau, da hatimi a hannunta.

"Malam, lambar motarka ba ta yi daidai ba," ta ce. "An rubuta bakwai maimakon ɗaya, kuma mai sa hannu ya tashi. Sai gobe."

Ta ɗago ta ga gajiyar fuskarsa, muryarta ta yi sanyi. "Ka yi haƙuri. Na san ciwon abin."

"Ranki ya daɗe, in ke ce a tagar nan, su sake yin kuskuren jibi ma."

Ta rufe baki da takarda tana dariya. Kafin ya bar daffon ya samu lodi, ya samu lambarta.

Soyayyarsu a waya ta girma, domin Dogo bai cika kwana biyu a gari ba.

"Hatimina, yau awa shida muna shingen masu duba takardu. Duk wanda ya tambaye ni me ya sa nake murmushi, sai in ce zafin rana ne."

"Ɗan lattina, ka ci abinci, ka duba tayoyinka. Ina nan inda ka bar ni."

Matsalar tana gida. Baban Auta tsohon direban tanka ne, shekara talatin ya yi a hanya kafin ciwon zuciya ya zaunar da shi. Sau biyu aka sa wa Dogo ranar zuwa gaisuwa, sau biyu bai zo ba. Na farko giyar mota ta maƙale masa a daji. Na biyu ya isa gidan man da zai sauke kaya, ya tarar rijiyarsu cike, ya yi kwana biyu yana jiran ta ragu. Shi kuwa mai kyamis ɗin unguwa, wanda ya daɗe yana son Auta, kullum bayan la'asar yana ƙofar gida da maganin Baba a leda.

A karo na uku Dogo ya zo, ya durƙusa a gaban tabarma.

Baba ya kalli hannuwan Dogo masu baƙin mai. "Ba na ƙin ka, ɗana. Amma ranar da aka haifi yarinyar nan ina layi. Ranar da yayanta ya rasu ina bakin titi, tayoyi biyu sun fashe. Na dawo na tarar an binne shi. Irin zaman da na sa uwarta ta yi, ba zan sa ta ba."

Dogo ya tashi ya fita. Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta daina amsa saƙonsa ba.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyarsa. Motoci suka yi jere ba iyaka, tankar Dogo a tsakiya cike da fetur, ba gaba ba baya, daidai kasuwar wani ƙauye. A rana ta huɗu saƙon Auta ya shigo.

"An kwantar da Baba a asibiti. Ya ambaci sunanka sau biyu. Don Allah ka bar motar ka zo, ko a babur ne."

Sai da rana ta karkata amsa ta zo.

"Hatimina, ba zan iya barin ta ba. Ki yafe min."

Baba ya rasu a rana ta shida. Dogo ya iso a ta tara, ya rame, ya zauna cikin masu gaisuwa. Auta ta wuce ta gabansa da buta a hannu ko kallonsa ba ta yi ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. A daffo ta roƙi a mayar da ita ofishin ciki inda babu taga.

Wata biyar suka wuce. Wata safiya Auta tana ninke kayan Baba, ta ce wa mahaifiyarta, "Umma, in mai kyamis ya turo iyayensa ki karɓe su. Shi dai yana nan lokacin da ake nemansa."

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta. "Dogon fa?"

"Mota ta fi masa Baba."

"Au, bai gaya miki ba? Ni na zaci kin sani kika ƙi shi." Umma ta zauna a bakin gado. "Kin fita karɓo magani, babanki ya sa na kira masa shi. Yaron har ya samu mai babur. Babanki ya tambaye shi me ke cikin motar, me ke kewaye da ita. Ya ce fetur ne, ga mata suna girki a gefen titi, ga wasu suna zagaye da jarkoki. Babanki ya ce, 'In ka matsa daga motar nan ban yafe ba. Rayukan ƙauyen nan suna hannunka.' Sannan ya ce, 'In ka iso ba ka same ni ba, na ba ka Auta. Ka riƙa gaya mata gaskiyar inda kake, shi ne abin da ni ban yi ba.'"

Auta ta kifa fuskarta cikin rigar Baba, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar.

Da yamma ta same shi a layi, yana zaune a inuwar tankarsa.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kina kukan mahaifinki, in zo in ce shi ya hana ni? Gara ki ji haushina da ki ji nasa." Muryarsa ta karye. "Kwana biyu na yi ina zagaya motar nan ina kuka, Auta. Ni ma na so in gan shi."

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, da kayan ofis ɗinta, ba ta damu da man da ya ɓata wurin ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aurensu, ƙanin Baba ne ya ba da ita. Ba a yi taro mai yawa ba. Da Dogo ya shiga gaishe da Umma, ta kamo hannun 'yarta ta zaunar da ita kusa da shi, hawaye na bin kumatunta.

"Jira da wuya, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Amma wannan ya cancanci a jira shi. Allah ya yi muku albarka, ya kai shi lafiya ya dawo miki da shi lafiya, ya jiƙan wanda ya haɗa ku."

Suka amsa da amin, su ukun suna kuka.