Kwana Tara Fayil Bai Buɗu Ba

Ko sallama Ilham ba ta ƙarasa ba, ta dire kwamfutarta a teburinsa.

"Kai ne Sharhabil na sashen kwamfuta? Kai ka gaya wa oga wai laifina ne?"

Ya ɗago ya kalle ta. Kwana tara tana aiki daga gida a Malali, VPN, manhajar da ke sada ta da kwamfutocin ofis, yana haɗuwa, amma ko fayil ɗaya na ofis ba ta gani. Oga ya ce in Litinin ta yi babu rahoto, ta nemi wani aikin. Shi kuwa gogan naka ko dubawa bai yi ba, ya rubuta cewa ita ce ba ta iya ba. Wannan ai zalunci ne!

Ranar Asabar Sharhabil ya je gidansu ya duba matsalar. Mahaifinta Malam Yahya, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ja kujera kusa da shi yana harararsa. Can sai Sharhabil ya gano inda matsalar take. Lambobin adireshin da na'urar intanet ta gidan ke raba wa kwamfutoci iri ɗaya ne da na ofis, waɗanda shi da kansa ya yi kasalar sauyawa. Ashe kwamfutarta a cikin gidansu take ta neman fayilolin ofis.

Ya gyara, komai ya buɗu. Ya rubuta wa oga gaskiya, takardar gargaɗi ta faɗo kansa.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Ilham, na zalunce ki. Ki yafe min, ko da faɗa za ki haɗa."

"Faɗa kam yanzu aka fara," ta amsa.

Faɗan nan ya kai su wata bakwai, har ya koma kiranta Sanyin Idona.

Da Malam Yahya ya ji zancen aure, sai ya miƙe tsaye. "Yaron da ya kusa raba ki da aikinki? Haba, Ilham!"

Ta durƙusa ta miƙa masa takardar da Sharhabil ya rubuta wa oga. "Baba, don Allah ka karanta."

Sau biyu ya karanta. Sannan ya ce manyan Sharhabil su zo daga Unguwar Kanawa.

Ranar ɗaurin aure Malam Yahya ya riƙe hannun ango gam, idonsa ya ciko.

"Ni an taɓa ɗora min laifin wani, har na yi ritaya babu wanda ya wanke ni. Ka riƙe min ita da amana. Allah Ya yi muku albarka."